Ɗana ya yi fashi da bindigar roba, kashe shi za a yi?

Tambaya: Barista, an kama ɗana mai shekara 22 shi da abokinsa, wai sun tare mai POS sun ƙwace masa kuɗi. Bindigar da ya nuna ta roba ce, irin wadda yara ke wasa da ita da sallah. 'Yan sanda sun ce fashi da makami ne. Ina mafita? Wata uwa daga Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Ba zan ɓoye miki ba, laifin babba ne, kuma mai POS ɗin an zalunce shi, domin tsoron da ya ji na gaske ne. Amma doka ta bambanta bindigar roba da ta gaske.

Dokar Fashi da Makamai ta tarayya ta 1984 ta raba laifin gida biyu. Fashi tsagwaronsa ɗauri ne da bai gaza shekara 21 ba. Hukuncin kisa yana zuwa ne idan mutum na ɗauke da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai ɗauke da shi, ko ya ji wa wani rauni, ko ya sa masa ƙarfi a jiki lokacin fashin. A shari'ar wani mai suna Nwachukwu ta 1986 an ɗauki matsayar cewa bindigar wasa ba bindiga ba ce, ba kuma makami ba ce a ma'anar doka. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauya hukuncin kisa zuwa ɗaurin shekara 21, Kotun Ƙoli ta tabbatar.

Sai dai ki tambayi ɗanki, ya gaya miki tsakani da Allah: abokin nasa na riƙe da wuƙa, adda ko gora? Sun bugi mutumin? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, bindigar roba ba za ta cece shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ita kanta bindigar. Kotuna sun sha yanke cewa ba dole ne mai gabatar da ƙara ya kawo makamin gaban alƙali ba, shaidar wanda aka yi wa fashi tana iya wadatarwa. To idan robar nan ta ɓace a ofishin 'yan sanda, mai POS ya tsaya ya rantse cewa bindiga ya gani, da me za a ƙaryata shi? Saboda haka aikin farko na lauyanku shi ne ya tabbatar an rubuta ta cikin rajistar kayan shaida a matsayin ta roba, ya rubuta wa daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a ta jiha kafin daraktan ya fitar da shawararsa kan tuhumar, ya nemi a mayar da tuhumar fashi kawai. Ya kuma duba wace doka aka rubuta a takardar tuhuma, ta tarayya ce ko ta jiha, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kada ki kashe kuɗi neman beli a kotun majistare. Muddin tuhumar fashi da makami ce, tsarewa kawai majistare zai yi. Babbar Kotu ce ke da hurumin beli, ita ma sai da dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani ko jinkirin shari'a da ya wuce kima.

Ki gargaɗi yaron kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan wani bayani ba lauya a wurin. Idan dukansa aka yi ya amsa, ya faɗa wa lauyansa tun yanzu, don dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta amfani da irin wannan iƙirari. Mayar wa mai POS kuɗinsa alheri ne, amma ta hannun lauya, kar a ce kuna neman toshe bakin shaida, kuma ba ya kashe ƙarar. In babu halin ɗaukar lauya, ki je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano da lambar ƙarar da sunan kotun da ta tsare shi.