Amsar tambaya kan neman gurbin karatun DPT a Amurka

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya, kin ce kin gama digiri a fannin fiziyoloji, kina so ki tafi Amurka ki yi digirin dakta a gashin ƙashi, wato DPT, to me ake buƙata, kuma ta yaya suke zaɓar mutane. Na ga gara in amsa a nan cikin gurup don wasu ma su ƙaru. A yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai, DPT ɗin nan ba PhD ba ne. Ba bincike za ki je ki yi ba, sana'a za ki koya. A Amurka shi ne ƙofar shiga aikin fisiyo, wato gashin ƙashi, yawanci shekara 3 ne bayan digirin farko, kuma a ciki dole ki yi aƙalla mako 30 kina aiki a asibiti a ƙarƙashin kulawa. Hukumar da ke tantance makarantun sunanta CAPTE, kuma tun 2016 duk makarantar da ke ƙarƙashinta DPT kawai take bayarwa. Kafin komai ki tabbatar makarantar tana da amincewarsu, domin ita ce za ta share miki hanyar zana jarrabawar lasisi, wato NPTE.

Wanda kuma ya riga ya zama likitan fisiyo a gida, misali ya gama a BUK yana da lasisin aiki, shi hanyarsa daban ce. Ana tantance takardunsa ne ta hukumomin duba takardun waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje irin su FCCPT, ya cike abin da aka ce ya rage masa, ya zana jarrabawar. Wannan maganar wata rana ce. Yau ta masu farawa nake yi.

To, abin da nake so ki riƙe shi ne, babu wani sharaɗi guda da ya hau kan kowa. Makarantun sun haura 250, kowace da nata dokokin. Akasarinsu dai ta manhaja ɗaya ake nema, PTCAS, wadda ake buɗewa wajen tsakiyar watan Yuni. Kin cike sau ɗaya, sai ki zaɓi makarantun da za a tura wa, kowace da kuɗinta. A nan mutane suke asara wallahi. Mutum ya biya kuɗin makarantu da yawa, ashe wasu cikinsu ba sa ma ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje. Don Allah ki zauna ki karanta sharuɗɗan kowace makaranta kafin ki fitar da ko dala ɗaya.

Sai darussan share fage. Ba ruwansu da sunan digirinki, wanda ya karanta tarihi ma yana iya shiga idan ya yi darussan. Yawanci suna neman anatomi da fiziyoloji, bayoloji, kemistiri zango biyu, fiziks zango biyu, duk da aikin lab, sannan ilimin halayyar ɗan Adam da ƙididdiga. Ke da kika yi fiziyoloji kina da yawancinsu, amma ki duba biyun ƙarshen nan, su ne suka fi ɓacewa a takardun 'yan kimiyya. Wasu makarantun kuma sai su ce lallai a wata jami'ar Amurka aka yi darussan, wasu su ce kada su wuce shekara kaza da yi. Sakamakonki na gida kuma sai an kai shi wajen masu tantancewa irin su WES, su juya shi darasi-darasi zuwa ma'aunin 4.0. Mafi yawa suna sa 3.0 a matsayin mafi ƙaranci, amma waɗanda ake ɗauka a zahiri sun fi kusa da 3.5. GRE kuwa, wato jarrabawar shiga karatun gaba da digiri, makarantu da dama sun daina nema, wasu na nan a kai. TOEFL, jarrabawar Turanci, ma haka, wata ta yafe miki, wata ta ce sai kin kawo.

Yanzu ga inda nake so in tsaya sosai, awannin kallon aiki. Wato ki je ki tsaya kusa da likitan fisiyo mai lasisi kina ganin yadda yake aiki, shi kuma ya tabbatar da awannin da sa hannunsa. Wata makarantar ba ta tilasta ba, wata za ta nemi awa 100 ko fiye, wata ma ta ce sai likitan da ke da lasisin Amurka. Ko da wadda kike so ba ta nema ba, ni dai ina roƙonki ki yi. Kuma kada ki tsaya wuri ɗaya. Ki ga masu ciwon baya da gwiwa da ke zuwa su koma gida, ki ga ɗakin kwanciya, ki ga yara. Ki tsaya ki ga dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki ana koya masa tashi daga kujera: an ɗaura masa ɗamara a ƙugu, likita na riƙe da ita, yana ce masa ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafu baya, ya sunkuyo gaba sannan ya miƙe. Ki lura da fuskarsa ranar da ya tashi ba a ɗaga shi ba. Ki riƙa rubuta abin da kika gani a ɗan littafi, ba tare da sunan mara lafiya ba.

Dalili kuwa, idan maki ya yi kusa da juna, abin da ke raba masu nema shi ne rubutun da suka yi game da kansu, wasiƙun shaida, da intabiyu. Duk ukun daga kallon aikin nan suke samun ƙarfi. Wasiƙu yawanci biyu ko uku ne, ɗaya daga likitan fisiyo, ɗaya daga malamin da ya koyar da ke. Likitan da ya ga kina zuwa a kan lokaci, kina tambaya, kina girmama marasa lafiya, shi zai rubuta abin da zai yi miki amfani. A intabiyu kuma za su tambaye ki me ya sa fisiyo ba likitanci ko jinya ba. Idan kika ce kina son taimakon mutane, kowa ma haka zai ce. Amma idan kika ba su labarin abin da kika gani da idonki da abin da kika fahimta daga ciki, za su saurare ki. Wasu makarantun ma tasha-tasha suke yi, ki shiga ɗaki a ba ki matsala, bayan 'yan mintuna ki wuce na gaba.

Ki nema da wuri. Da yawa suna cike guraben ne yayin da takardu ke shigowa, ba sa jiran ranar rufewa.

Maganar kuɗi kuma, gaskiya ba zan ɓoye miki ba. Tunda ba PhD ba ne, ba kasafai ake samun cikakken tallafi ba, kuma a makarantu masu zaman kansu kuɗin karatun kaɗai yakan haura dala 100,000. Ba za su ba ki takardar I-20 ta neman biza ba sai kin nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Ki zauna da su Baba a yi wannan lissafin tun yanzu. Sannan ki turo min jerin darussan da kika yi ta akwatina, mu duba tare mu ga me ya rage miki. Allah Ya sa albarka, a gaida mutanen gida.