Amsar Kawu Kan Kurket da Caca

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da ya dame ka. Ka ce abokan karatunka a Indiya suna taruwa kallon gasar IPL, wato babbar gasar kurket ta Indiya (wasan da ake jefa ƙwallo ana bugunta da sanda), suna tafka muhawara kan dabarun wasa, sannan kowa ya sa kuɗi a kan ƙungiyar da yake ganin za ta ci, har suna ce maka haka al'adar kurket take. Kana tambaya ko ƙin shiga zai zama raina al'adar masu masaukinka.

Gaskiya ne caca ta daɗe tana bin wannan wasa, domin tun ƙarni na 18 attajiran Ingila ke zuba dukiya a kansa. Amma daɗewar abu ba ta mayar da shi haƙƙin da baƙo zai biya. Abin da al'adarmu ta ɗora wa baƙo shi ne ya amsa gayyata, ya ci abin da aka gabatar masa muddin halal ne, ya yi hira da sakin fuska, ya kuma rama alheri. Ba ta taɓa ɗora masa shiga abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa da giya ta ce a nisance shi ba.

Hirar dabaru kuwa ka shige ta da ƙarfinka, don a nan daɗin wasan yake. Ka tambaye su dalilin da ya sa kyaftin da ya ci ƙuri'a a wasan dare yakan zaɓi ƙungiyarsa ta fara jifa. Za su gaya maka raɓa ce ke sauka daga baya, ƙwallo ta yi santsi a hannun mai jifa, bugu ya yi sauƙi. Wanda ya iya irin wannan zance ba wanda zai kira shi bare.

Abin da nake so ka sani shi ne ɓarnar da cacar ta yi wa 'yan wasan kansu. A shekarar 2000 'yan sandan Delhi suka naɗi maganar Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, da wani dillalin caca, aka haramta masa wasa har abada. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mohammad Amir na Pakistan, yaro ɗan shekara 18 da duniya ke yabon jifarsa. A filin Lord's na Landan, a 2010, ya tsallake layin jifa da gangan, abin da dokar wasan ta hana, a daidai lokacin da aka shirya da wani dillali, tsallakewa mai faɗin da duk mai kallo ya gani. Ba a ma nemi ya sayar da wasan gaba ɗaya ba, tsallake layin kawai aka saya. A 2011 kotun Landan ta yanke masa ɗaurin wata shida, kyaftinsa Salman Butt wata 30, abokin wasansa Mohammad Asif shekara ɗaya, ban da dakatarwar shekara biyar da ta cinye ƙuruciyar Amir. Ita kanta IPL ɗin da kuke kallo, a 2013 an kama ɗan wasan Indiya Sreesanth da wasu 'yan wasa biyu bisa zargin irin wannan maguɗi, kuma a 2015 aka dakatar da ƙungiyoyin Chennai Super Kings da Rajasthan Royals na shekara biyu saboda badaƙalar caca. Kuɗin da ake sayen waɗannan yara da shi daga aljihun ƙananan masu caca irin abokanka yake taruwa.

Sannan ka tuna kai baƙo ne mai takardar izinin karatu, a ƙasar da caca kan wasanni ta saɓa doka a yawancin jihohinta. Ɗan gida zai samu dangi su tsaya masa a ofishin 'yan sanda, kai kuwa karatunka ne zai tafi.

Idan sun sake gayyatarka ka je, ka sayi shayi da abin taɓawa a raba, ka gaya musu sau ɗaya cikin ladabi cewa addininka ya hana ka caca. Kada ka riƙe wa kowa kuɗin, kada kuma ka ara wa kowa wayarka ko asusunka na banki don ya sa. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya ba da sa'ar karatu.