Filin Tambayoyi: Yadda ake koyon harshen Sikots da rubuta shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun Turanci a Jami'ar Abdu Mumuni. Na saurari hirar wasu masunta na arewacin Sikotlan, wallahi ko rabi ban kama ba. Ƙawata ta ce gurɓataccen Turanci ne kawai. Haka ne? In harshe ne mai zaman kansa, ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba, Yamai.

Amsa: Wa'alaikissalam ɗiyata. Ƙawarki ba ta yi daidai ba. Abin da kika ji harshen Sikots ne. Shi da Turancin Ingila tushensu ɗaya, amma tun da daɗewa kowa ya kama hanyarsa. A zamanin da, da Sikots ake rubuta dokokin majalisa da takardun fada a Edinbura, babban birnin Sikotlan. Darajarsa ta ragu bayan 1603, da sarkin Sikotlan Jems na shida ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan, ta ƙara faɗuwa da haɗewar majalisun ƙasashen biyu a 1707. Duk da haka, a ƙidayar 2011 mutum wajen miliyan 1.5 suka ce suna magana da shi, kuma a 2025 majalisar Sikotlan ta ba shi matsayin harshen hukuma. Kada ki haɗa shi da Galik, wani harshen na Sikotlan, wanda shi daga wani dangi ne daban.

Kafin komai, zaɓi karin harshe guda. Akwai na tsibiran Shetlan da Okni, da na arewa maso gabas wajen Abadin wanda ake kira Dorik, da na tsakiya, da na kudu, da na Olsta a Ailan. Mai yiwuwa masuntanki ƴan Dorik ne, su da ke mayar da *wh* ya koma *f*: *whit*, wato mene, sai ya zama *fit*. A ganina mai farawa ya kama na tsakiya, don ya fi yawan masu magana da abin karantawa.

Kunne kafin alƙalami. Ki ware minti 15 kowace rana ki saurari gajeriyar murya guda, sau uku: na farko ba rubutu a gabanki, na biyu kina bin rubutun, na uku kina maimaitawa da baki. Taskar Kist o Riches a intanet cike take da muryoyin mutanen karkara, kuma jami'ar Open University da hukumar ilimi ta Education Scotland sun fitar da darasi kyauta a 2019. Furucin ba zai ba ki wuya sosai ba. *Ch* ɗin da ke cikin *nicht*, dare, shi ne harafin خ da kika sani tun makarantar allo, *hoose* kuma "hus" za ki ce.

Tambaya: Malam, ni malamin Turanci ne. Na rubuta *I do not ken whaur the bairn's shoes are*, ina nufin ban san inda takalman yaron suke ba. Wani Basikote da muke zumunci a Facebook ya ce wannan ba harshensu ba ne. Ina laifin? Daga wani malamin makaranta, Tawa.

Amsa: Malam, abokin naka ya gaya maka gaskiya. Ka gina jimlar da Turanci, sannan ka cire kalmomi uku ka cusa na Sikots. Daidai ita ce *A dinna ken whaur the bairn's shuin is*. Duba abin da ya sauya.

Korewa tana manne da wutsiyar aikatau: *dinna*, *canna*, *winna*, wasu wurare su rubuta *dinnae*, *cannae*. In kuwa aikatau ya riga ya haɗe da wakilin suna, sai *no* ta tsaya ita kaɗai: *A'm no weel*, ba ni da lafiya. Ɗan Abadin zai ce *A'm nae weel*. Jam'in takalmi *shuin* ne, kamar yadda idanu suke *een*, shanu *kye*. Sai *is* ɗin ƙarshe, wadda na san hannunka zai yi ƙaiƙayin jan biro ja a kanta. Bar ta. In mai aikatawa suna ne jam'i, aikatau yana iya ɗaukar siffar tilo: *the bairns is hame*, yara suna gida. Amma in wakilin suna ne dab da aikatau, *thay are* za ka ce. Shuɗaɗɗen lokaci kuma yakan ƙare da *-it* ko *-t*: *keepit*, *telt*, *kent*.

Ba kai kaɗai wannan rami ya ci ba. A 2020 aka gano cewa dubban maƙalun Wikipedia ta Sikots wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta su da irin wannan dabara, ba ya kuwa jin harshen. Don haka duk abin da ka tsinta a can, ka tantance.

Wurin tantancewa shi ne Dictionaries of the Scots Language, kyauta a intanet. Ƙamus biyu ne a haɗe: ɗaya na tsohon harshe zuwa 1700, ɗaya daga 1700 zuwa yau. Nan mutane ke tuntuɓe, su ɗauko kalmar da aka binne tun zamanin sarakuna su sa a saƙon waya. Kowane misali yana ɗauke da shekara da gajeren sunan yanki, kamar *Abd.* na Abadin ko *Sh.* na Shetlan. Ka karanta su kafin ka ɗauka, sannan ka kwafi jimlar sukutum a littafinka, ba kalmar tsirara ba. Yanki yana da muhimmanci: yaro *bairn* ne a gabas, *wean* a Gilasgo, kuma wanda ya gwama *fit* da *wean* a layi ɗaya ya zama kamar mai buɗe baki da Adaranci ya rufe da Kananci.

Babu ƙa'idar rubutu guda da kowa ya bi. Amma tun shawarwarin da wasu marubuta suka fitar a Edinbura a 1947 ake gudun waƙafin sama da ke nuna wai an yar da harafin Turanci. Rubuta *wi*, *o*, *aw*, ba *wi'*, *o'*, *a'* ba. Ka bar shi a wurin mallaka da haɗin kalmomi, kamar *bairn's* da *A'm*. In ka zaɓi *dinna* a shafin farko, kada *dinnae* ta bayyana a na biyu.

Tambaya: Mu da muka yi lakwal da Faransanci, zai taimaka? Daga wani mai karatu, Yamai.

Amsa: Kaɗan, ɗan'uwa. Sikotlan da Faransa sun ƙulla ƙawance a 1295, kuma akwai kalmomin da za ka gane nan take: *ashet*, babban faranti, *gigot*, cinyar rago, da *dinna fash*, kada ka damu. A nahawu kuwa ba abin da zai tsinana maka, Turancinka za ka gyara tukuna.