Amsa: Taron tsofaffin 'yan bautar ƙasa, a otal ko a ƙauye?

Malam, ka ce ku da kuka yi bautar ƙasa a ƙauye ɗaya kuna son haɗuwa bayan shekara ashirin, amma kun rabu biyu: wasu na son otal a birni, wasu na son komawa ƙauyen. Ni dai ƙauyen nake goyon baya.

Da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa (NYSC) a 1973 bayan yaƙin basasa, manufar ita ce matasa su zauna cikin mutanen da ba nasu ba. To me za ku tuna a ɗakin taro mai sanyi? Ɗaliban da kuka koyar suna can, yau magidanta ne.

Sai dai kada ku dira ƙauyen kwatsam. Ku tura mutum biyu su gaida dagaci da shugaban makaranta, su tambayi abin da garin ke bukata. Sau da yawa ba sabon gini ba ne. Famfon burtsatsen da ya lalace ne, ko rufin aji da iska ta yaye. Kuɗin da za ku kashe kan rigunan taro da allon suna (wannan ɓarna ce, gaskiya) ya isa gyaran.

Ku bari sai bayan kaka. Da damina kowa na gona, hanya kuma ta ɓaci. Ku binciki tsaron hanyar, ku je da safe, ku dawo kafin la'asar. Gudummawa kuwa a zuba a asusun banki da mutum biyu ke sa wa hannu, ana sanar da abin da ya shiga a zauren WhatsApp ɗinku.