Ɗakin kwanan 'yan kayayo: ina za mu samu kuɗin gwamnati?

Tambaya: Malam, mu mata ne a Aboabo, Kumasi. Mun kama haya ɗakuna biyu don 'yan matan kayayo (masu dakon kaya a kai) da ke kwana a bakin shaguna a Kejetia. Kuɗin adashinmu ya ƙare. Gwamnati na taimakawa? Hajiya, Aboabo.

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Gwamnati ba ta zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya, ko da kuwa Hajiya ce. Sai ƙungiya mai rajista a ofishin rajistar kamfanoni, da lasisi daga ma'aikatar jinsi, yara da kare marasa ƙarfi, da asusun banki da sunanta.

Daga nan ku nufi majalisar gundumarku ta Asokore Mampong, ofishin jin daɗin jama'a. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ware wa majalisun gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, amma sai abin da ya shiga tsarin ayyukan majalisa ake kashe wa. Don haka ku riƙe ɗan majalisar unguwarku tun kafin a rubuta kasafi. Kuɗin kan makara, kada ku yi wa mai gida alkawari da shi.

Akwai kuma Asusun Raya Zango na 2017, wanda gwamnati ta kafa don raya unguwannin zango. Ku adana rasit ɗin haya, har na ruwa.