Yaya aka yi mai tonon kabari ya zama jarumin fim?

Yarona, ka ce ka kalli tsofaffin finafinan nan na naɗaɗɗiyar gawar Masar, abin ya ɗaure maka kai: mutumin da ya fasa kabari ya kwashe kayan mamaci shi ne jarumi, mamacin da aka hana barci kuma shi ne bos. Har kana tambaya ko marubutan ne ba su san aikinsu ba. Sun sani sarai. Laifin jarumin ne ke jan labarin, in ka cire shi babu fim.

Ka fara sanin inda abin ya samo tushe. A watan Nuwamba na 1922 Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a Kwarin Sarakuna, kusa da Luksor. A Afrilun 1923 Lord Carnarvon, attajirin da ya ɗauki nauyin tonon, ya mutu a Alƙahira bayan cizon sauro ya rikiɗe masa. Jaridu suka ce la'anar Fir'auna ce. Carter kuwa, wanda shi ya kamata la'anar ta fara ci, sai 1939 ya mutu, amma wannan ba ya sayar da jarida. Saboda haka kafin a kunna kyamara, masu kallo sun riga sun yarda cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Duba The Mummy na 1932, wanda Boris Karloff ya fito a matsayin Imhotep, wato naɗaɗɗiyar gawar. Me ya tada gawar? Wani saurayi cikin masu tonon ne ya buɗe akwatin da aka gargaɗe su kada a buɗe, ya karanta naɗaɗɗiyar takardar da ke ciki. Da bai iya karatun ba, da gawa na nan kwance. Kuma lura da yadda aka ɗauki fitowar: ba a nuna gawar tana tafiya ba. Hannu ya ɗauke takarda, sai tsumman likkafani yana jan ƙasa ta bakin ƙofa, saurayin ya fashe da dariyar hauka. Ku yaran yanzu da minti biyar za ku yi kuna nuna mana dodo.

Wanda na fi so ka zauna a kai shi ne na kamfanin Hammer na Ingila, 1959. Peter Cushing ne John Banning, mai binciken kayan tarihi, kuma tun farkon fim ƙafarsa a karye take, ya ƙi barin wurin tonon a yi masa ɗori mai kyau, sai ta warke a karkace. Da ɗingishi ya ƙare fim. Marubucin ya nuna maka taurin kansa ba tare da kowa ya faɗa da baki ba, sannan ya hana shi gudu. Ga Christopher Lee, dogo ƙaƙƙarfa, a matsayin Kharis, gawar da ta tashi. Banning ya ɗirka masa bindiga, ya soke shi da mashi, ko gezau. Abin da ya tsayar da Kharis fuskar Isobel ce, matar Banning, mai kama da gimbiya Ananka, wadda Kharis ya so tun yana raye. A na 1932 ma ba saurayin jarumar ne ya cece ta ba, gunkin Isis, abar bautar Misirawan dā, ta roƙa. Wato irin wannan jarumi ba da ƙarfi yake cin nasara ba. Aikinsa ya gane abin da ke faruwa tun kowa yana musu, 'yan sanda suna masa kallon mai taɓin hankali.

Akwai fitowar da Banning ya je gidan Mehemet Bey, Bamisiren da ke sarrafa gawar, suka yi ta gardama cikin ladabi a kan tonon kaburbura da baje matattu a gidan tarihi. Ni a ganina Mehemet ne ya fi hujja, kuma masu kallonmu, da suke girmama kabari, bayansa za su bi. To in za ka rubuta irin wannan, kada ka mai da mai gadin kabari sakarai. Ba shi magana mai nauyi, jarumin kuma ya rasa wani nasa, kamar yadda Banning ya rasa uba da kawu. Je ka gyara fitowar farko ta labarin da kake rubutawa: wa ya yi gargaɗi, wa ya ƙi ji, me ya sa ya ƙi. Ka kawo min in gani.