Yanka tsagar riƙo a jikin mariƙi mai zagaye a Fusion 360

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana zana mariƙi mai zagaye a Fusion 360, manhajar zanen 3D, kana son tsaga-tsaga a jiki don kar hannu ya riƙa zamewa, amma zurfin ya ƙi zama ɗaya. To ai daga shimfiɗaɗɗen zane kake turo yankan, jikin kuwa a lanƙwashe yake, dole tsakiya ta fi gefe zurfi.

In tsagar za ta kewaye shi kamar zobe, zana ƙaramar da'ira a gefensa ka yi Revolve, wato juya zanen ya kewayo, a kan layin tsakiya, ka zaɓi yanka, shi ke nan. In kuma a tsaye kake so irin na murfin robar ruwa, guda ɗaya tak za ka yanka da Sweep, wato jan zane a kan layi, ta bi lanƙwasar jikin, ka dakushe bakinta da Fillet, sannan Circular Pattern ya maimaita yankan da Fillet ɗin tare a kewayen mariƙin, don Allah kar ka zauna kana zana su ɗaya-ɗaya, ranar da ka canza faɗin mariƙin duk sai ka sake aiki daga farko.

Ka ɗan yi lissafi ma. Faɗin milimita 40 kewayensa wajen 126 ne, tsaga 24 kowacce ta samu 5 da ɗoriya, ka ba ramin 3 sauran ya zama tudu, zurfin milimita 1 ya isa yatsa ya kama.

In firintar 3D za ka kai wa, da zafin nan na Jidda ni dai a robar bugawa nau'in PETG zan ce, nau'in PLA na fara laushi wajen digiri 60, cikin motar da ta sha rana sai ya lanƙwashe.